Mazubin Shara Mai Lamba: Yadda Yake Aiki da Abin da Yake Faɗa Game da Gida

Gabatarwa

Shara tana daga cikin manyan matsalolin da suka addabi garuruwan ƙasar nan, kuma Zariya ba ta tsira ba. A Samaru da Sabon Gari, da ƙauyukan da gari ya fara cim musu irin su Bomo, mafi yawan gidaje suna tara shararsu ne a kwando ko tsohon bokiti ko buhu, sa'an nan a aiki yaro ya kai juji, ko kuwa a biya mai baro ya kwashe. Wadda ba ta sami mai kwasa ba takan ƙare a lambatu, idan damina ta sauka ta toshe hanyar ruwa, ko ruwan ya kora ta zuwa kogin Kubanni. Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka da ke kudu da hamadar Sahara kowane mutum yana fitar da shara kimanin kilo 0.46 a rana, kuma kimanin kashi 44 cikin 100 kawai ake kwashewa.

Domin maganin irin wannan matsala, waɗansu birane a Turai da Amurka da Asiya sun daɗe da fara maƙala wa mazubin sharar kowane gida wata 'yar ƙwayar lantarki mai ɗauke da lamba, ta yadda hukuma za ta san mazubin wane gida aka kwashe, da yaushe, da kuma nauyin abin da ke cikinsa. Wannan fasaha ta riga ta iso Nijeriya. A farkon 2022 gwamnatin jihar Legas, ta hannun hukumarta ta kwashe shara, watau LAWMA, ta ƙaddamar da shirin samar wa gidaje mazubai masu murfi waɗanda ke ɗauke da na'urar tantancewa. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. Saboda haka ya kyautu ɗalibi da malami su fahimci yadda na'urar take aiki, da amfaninta, da kuma dalilin da ya sa ta jawo gardama mai zafi a kan sirrin gida a ƙasashen da suka riga suka gwada ta.

Mece ce ƙwayar shaida?

Masana suna kiran wannan fasaha RFID, ma'anarta tantance abu ta hanyar igiyar rediyo. Ita 'yar na'urar da ake maƙalawa, wadda za a kira ta ƙwayar shaida a wannan maƙala, girmanta bai wuce marfin kwalbar lemo ba, kuma ana cusa ta ne a wani ɗan gurbi da ke ƙarƙashin leɓen mazubin. Idan aka fasa robar da ta lulluɓe ta, abubuwa biyu za a gani. Na farko siririyar waya ce ta jan ƙarfe da aka naɗe zagaye-zagaye. Na biyu kuwa wani ɗan ƙanƙanen guntun silikon ne, kamar ƙwayar yashi, wanda aka adana lamba a cikinsa.

Lambar jerin sifiri da ɗaya ce, irin harshen da na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, take ganewa. A yawancin ƙwayoyin wannan aji jerin yana da gurabe 64. Tun da kowane gurbi yana iya zama sifiri ko ɗaya, yawan lambobin da za a iya samu shi ne 2 a ninka da kanta sau 64, watau kimanin 18 da sifiri goma sha takwas a bayanta. Da wannan yawa, kowane mazubi a duniya zai iya samun lambarsa shi kaɗai.

Mai karatu ya san 'yan'uwan wannan ƙwaya ko da bai lura ba. Akwai irinta a cikin bangon fasfo na zamani da Nijeriya ta fara bayarwa a 2007, akwai ta a katin banki da ake ɗorawa a kan na'ura ba tare da an zura shi ba, kuma irinta ce ake maƙala wa shanu a kunne a ƙasar Ostireliya domin a san garken da kowace saniya ta fito.

Ina take samun wuta?

Abin mamaki game da ƙwayar shaida shi ne ba ta da batir, amma tana iya yin shekaru tana aiki cikin rana da ruwa. Sirrin wannan yana cikin darasin da ɗaliban fizis suke koya a sakandare. A 1831 masanin kimiyyar nan na Ingila, Michael Faraday, ya gano cewa idan ƙarfin maganaɗisu da ke ratsa naɗin waya yana sauyawa, to lantarki zai gudana a cikin wayar. Da wannan ƙa'ida taransifomar unguwa take aiki: naɗi biyu ne waɗanda ba su taɓa juna ba, amma wutar da ke kai da kawowa a cikin na farko takan haifar da wuta a cikin na biyu.

Motar kwasar shara tana ɗauke da naɗi na farko a jikin ƙarfen da ke ɗaga mazubi, tare da wata na'ura mai karantawa. Wutar da ke cikin wannan naɗi tana kai da kawowa kimanin sau 134,200 a kowace daƙiƙa, watau kilohaz 134.2, wanda ya yi ƙasa ƙwarai da megahaz 88 zuwa 108 na tashoshin FM. Da zarar an rataya mazubi, naɗin da ke cikin ƙwayar ya zama naɗi na biyu. Sai ya sami 'yar wutar da za ta tayar da guntun silikon. Guntun kuma ya riƙa sauya yawan wutar da yake ja, bisa tsarin sifiri da ɗaya na lambarsa, na'urar mota ta ji wannan sauyi ta fassara shi. Waɗansu ƙwayoyin kuwa sukan tara wutar na ɗan lokaci, sa'an nan su aika da lambar bayan na'urar mota ta yi shiru. Duk wannan yana ƙarewa kafin a ƙifta ido.

Ƙarfin maganaɗisu yana raguwa da sauri idan aka yi nesa da naɗin, don haka irin wannan ƙwaya ba a iya karanta ta sai daga tazarar 'yan santimita. Akwai wani aji mai aiki tsakanin megahaz 860 da 960, wanda ake iya karantawa daga mita da dama. Ko wanne ne dai, ƙwayar ba ta da kunne ba ta da ido, ba ta san abin da aka zuba a mazubi ba, kuma ba ta magana da tauraron ɗan'adam. Lamba kawai take faɗa, sai kuma an tambaye ta.

Duk da haka, tarihin na'urorin da ba su da batir ya haɗu da leƙen asiri tun da wuri. A 1945 waɗansu 'yan makaranta a Mosko suka bai wa jakadan Amurka kyautar tambarin ƙasarsa da aka sassaƙa da katako. A cikinsa akwai na'urar sauraro da Leon Theremin ya ƙirƙira, wadda ba ta motsi sai an harba mata igiyar rediyo daga waje. Tana rataye a gidan jakadan har 1952 kafin a gano ta. Ƙwayar shara ba ta iya sauraro, amma irin wannan labari yana cikin abin da ke sa mutane ɗari-ɗari da duk na'urar da aka ɓoye musu.

Abin da ke faruwa a bayan mota

Lamba ita kaɗai ba ta da amfani sai an haɗa ta da waɗansu bayanai, kuma motar ce take haɗawa. A jikin ƙarfen ɗagawa akwai ma'auni na lantarki. Nauyi yakan ɗan lanƙwasa wani ƙarfe, lanƙwasar ta miƙar da wata siririyar waya da ke manne da shi, miƙewar kuma ta ƙara wa wayar taurin kai wajen barin lantarki ya wuce. Daga wannan sauyi ake lissafa nauyi. Ana auna mazubi sau biyu, lokacin hawa yana cike da lokacin sauka yana wofi. Alal misali, idan ya hau da kilo 47 ya sauko da kilo 15, to sharar kilo 32 ce.

Har wa yau motar tana da agogo da na'urar GPS, wadda ke karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam ta lissafa inda motar take. Waɗansu manyan mazubai na kasuwa kuma ana sa musu na'ura mai batir a ƙarƙashin murfi, wadda ke aiki kamar jemage: ta aika da ƙara mai kaifi ƙasa, ta jira amsa-kuwwa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, don haka idan mazubi mai zurfin mita ɗaya yana wofi, ƙarar za ta je ta dawo cikin kimanin kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa. Gajarcewar wannan lokaci alama ce ta cikar mazubi.

Daga nan sai a aika da layi ɗaya zuwa kwamfutar ofis: lamba kaza, rana kaza, ƙarfe kaza, wuri kaza, kilo kaza. A ofishin akwai rajista wadda ta ce lamba kaza ta gidan wane ce. A wannan rajista ne lambar mazubi take komawa labarin mutum, kuma a kanta ne dukkan gardamar take.

Amfanin tsarin

Amfani na farko shi ne sa ido a kan masu kwasar sharar. Idan gwamnati ta ba ɗan kwangila aikin kwashe sharar wata unguwa sau biyu a mako, bayanan mota za su nuna ko ya je ko bai je ba, mai gida kuma yana da hujja idan an tsallake shi. Na biyu, mazubin da aka sace ana iya gane mai shi. Na uku, hukuma za ta san unguwar da ke buƙatar mota uku da wadda mota ɗaya ta ishe ta, ta haka a rage asarar man fetur.

Amfani na huɗu shi ne biyan kuɗi daidai da abin da mutum ya zubar, kamar yadda mitar kati take yi wa wutar lantarki. Ƙasar Koriya ta Kudu ce ta fi shahara a nan. Tun 1995 ta wajabta zuba shara a cikin jakunkuna na musamman da ake saya, a 2005 ta hana binne ragowar abinci a juji, sa'an nan a 2013 ta wajabta biyan kuɗi bisa yawan ragowar abincin da gida ya fitar. A manyan gidajen bene na birnin Seoul, mutum yakan ɗora katinsa a kan wata na'ura, murfi ya buɗe, ya zuba, na'urar ta auna ta rubuta a lissafinsa na wata. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ragowar abincin ƙasar ana mayar da shi taki ko abincin dabbobi ko iskar gas. Manoman Bomo da sauran ƙauyukan kewayen Zariya, waɗanda suka daɗe suna kwasar takin juji zuwa gona, sun san darajar ruɓaɓɓiyar shara, kuma sun san wahalar tsince leda da fasassun kwalabe daga cikinta.

Abin da shara take faɗa

Masu binciken kayan tarihi sun daɗe da sanin cewa juji yana faɗin gaskiyar mutanen da suka tara shi. A 1973 wani malami a Jami'ar Arizona ta Amurka, William Rathje, ya fara wani bincike a birnin Tucson, inda shi da ɗalibansa suke rarrabe sharar gidaje suna aunawa, sa'an nan su kwatanta da amsoshin da mazauna unguwannin suka bayar da baki. Suka tarar cewa mutane sukan rage yawan giyar da suke sha idan an tambaye su, kuma sukan ƙara yawan abinci mai gina jiki da suke cewa suna ci. Abin lura shi ne masu binciken sun rubuta sakamakonsu ne bisa unguwa, suka guji danganta shi da sunan wani mai gida.

Kwalin magani yana nuna cutar da ke gida. Takardar banki tana nuna samu, tsummokin jariri suna nuna haihuwa, tarin robobin abinci kuma yana nuna an yi taro. Don haka tambayar wa ke da ikon duba shara ta kai har gaban alƙalai. A 1988, a shari'ar da aka sani da sunan Greenwood, Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa 'yan sanda suna iya binciken sharar da aka ajiye a bakin titi ba tare da takardar izinin kotu ba, domin mai ita ya riga ya sake ta ga jama'a. Amma a birnin Seattle, inda aka hana zuba ragowar abinci cikin shara a 2015 kuma aka umarci masu kwasa su riƙa dubawa, wata kotu ta yanke a 2016 cewa tonon mazubin mutum ya saɓa wa tsarin mulkin jihar Washington.

Ƙwayar shaida ba ta tono, nauyi da lokaci kawai ake rubutawa. Sai dai na'ura tana da abin da mai baro ba shi da shi, watau rashin mantuwa. Mai baro yakan ga sharar gida yau ya manta gobe, kuma gidaje kaɗan ya sani. Kwamfuta tana riƙe nauyin sharar gidaje dubbai, mako bayan mako, shekara da shekaru, kuma ana iya kwafe dukkansa cikin 'yan mintoci.

Darasin Ingila

A watan Agusta na 2006 jaridun Ingila suka ba da labarin cewa kimanin mazubai 500,000 suna ɗauke da ƙwayar shaida, kuma da yawa daga masu gidajen ba a sanar da su ba. Hukumomin garuruwa suka ce manufarsu tantance mazubai ce da auna ƙoƙarin sake sarrafa shara. Jama'a kuwa suka ɗauka share fage ne na sabon haraji, har waɗansu suka ɓamɓare ƙwayoyin suka yar. A yankin Norfolk ta Kudu an gwada auna sharar gida-gida, amma aka yi watsi da shirin a 2008 saboda yawan lalacewar na'urorin da kurakuran awo.

A 2008 ɗin dai majalisar dokokin ƙasar ta ba da damar hukumomi biyar su gwada cajin kuɗi bisa yawan shara, amma babu hukumar da ta fito. A watan Maris na 2010 wata ƙungiyar kare sirrin jama'a mai suna Big Brother Watch ta wallafa cewa hukumomi 68 sun sa ƙwayoyi a mazuban gidaje kimanin miliyan 2.6. Wata doka ta 2011 ta soke damar cajin baki ɗaya. Fasahar da Koriya ta ci moriyarta ta gamu da cikas a Ingila, kuma babban dalili shi ne an fara ta a ɓoye. Da zarar amana ta karye, bayani na gaskiya ma ba ya shiga kunne.

Wani abin da ya faru a Landan a 2013 ya nuna yadda manufa take zamewa. Wannan karon mazuban bakin titi ne, masu allon talla, mallakin wani kamfani mai suna Renew. Kamfanin ya sa wa guda 12 daga cikinsu na'urar da ke ɗaukar lambar shaidar wayar hannu ta masu wucewa, wadda waya ke fitarwa idan tana neman Wi-Fi. A cikin mako guda an ɗauki lambobi fiye da sau miliyan 4. Manufar ita ce a san hanyar da kowace waya take bi kullum, domin a nuna wa mai ita tallar da ta dace da shi. Da labari ya fito a watan Agusta, hukumar tsakiyar birnin ta umarci kamfanin ya daina nan take. Abin da aka kafa domin tsafta ya koma kayan bin sawun mutane, ba tare da an nemi yardar kowa ba.

A ƙaddara an kawo shi Samaru

Tsarin gidan Bahaushe ya ginu ne a kan rufin asiri. Baƙo yana tsayawa a zaure, ba ya wucewa cikin gida sai da izini, kuma abin da aka ci da abin da aka rasa ba a sanar da maƙwabci. To, a ƙaddara an ba kowane gida a Samaru da Bomo mazubi mai lamba. Bisa ƙiyasin Bankin Duniya da aka ambata, gida mai mutum goma zai fitar da kimanin kilo 4.6 a rana, watau wajen kilo 32 a mako.

Idan nauyin ya faɗi zuwa sifiri na mako uku, mai duba rajista ya san mutanen gidan sun yi tafiya. Idan ya ninka ya tsaya a haka, ya san an ƙaru da mutane. Gidajen hayar ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello za su nuna lokacin hutu sarai, kamar yadda da za su nuna wata takwas na yajin aikin malaman jami'o'i a 2022. Ga mai tsara aikin motoci wannan bayani ne mai amfani. Ga ɓarawo kuwa jerin gidajen da babu kowa ne, tare da adireshi. A wannan zamani na satar mutane domin kuɗin fansa, rajistar da ta haɗa suna da lambar waya da wurin gida da alamun wadata ba abin wasa ba ce. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma ma'aikaci ɗaya marar amana ya isa ya tsaga shi.

Akwai kuma batun adalci. Gidan da ake girki da itace ko gawayi, kuma tsakar gidansa ƙasa ce, yawancin shararsa toka ce da turɓaya, masu nauyi. Gidan da ake girki da gas, daɓensa siminti, yawancin shararsa leda ce da kwali da roba, marasa nauyi. Idan aka ce kowa ya biya bisa kilo, talaka ne zai fi biya. Bugu da ƙari, gidan haya mai iyalai takwas da mazubi ɗaya, wa za a caja? Wanda kuma ya kasa biya zai iya jiran dare ya juye a mazubin maƙwabci ko a lambatu, a koma gidan jiya.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba da kariya ga sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu ta waya. Jadawali na huɗu na wannan kundi ya sa kwashe shara da sanya wa gidaje lamba a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, irin su ta Sabon Gari, yayin da a matakin jiha akwai Hukumar Kare Muhalli ta Jihar Kaduna, watau KEPA. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya.

Dokar ta shafi duk bayanin da za a iya danganta shi da wani mutum, ko da ta hanyar lamba ce ko wurin da yake. Ta wajabta a tattara bayani a fili kuma domin manufa bayyananniya, kada a ɗebi fiye da abin da manufar take buƙata, kada a riƙe shi fiye da lokacin da ya kamata, kuma a tsare shi. Ta ba mutum ikon ganin abin da aka rubuta a kansa da neman a gyara kuskure. Idan aka sace bayanai ta yadda masu su za su iya cutuwa, wajibi ne a sanar da hukumar cikin awa 72.

Daga wannan doka da darussan ƙasashen waje, akwai sharuɗɗan da ya kamata jama'ar kowace unguwa su nema kafin su karɓi mazubi mai lamba:

1. A sanar da masu gidaje tun farko, da harshen da suke ji, ta bakin masu unguwanni da rediyo.
2. A raba rajistar sunaye da rajistar nauyi, direba da ɗan kwangila su ga lamba kawai.
3. Domin tsara aiki a yi amfani da jimillar layi ko unguwa, kamar yadda masu binciken Tucson suka yi.
4. A share bayanin gida-gida bayan an gama lissafin kuɗi, cikin wa'adin da aka ƙayyade.
5. Kada a sayar wa 'yan kasuwa, kada kuma a miƙa wa wata hukuma sai da umarnin kotu.
6. Idan za a caji kuɗi, a ware toka da turɓaya da abin da zai zama taki.

Gwaji domin aji

Gwaji na farko yana buƙatar naɗin waya biyu da batir da galbanomita, watau ma'aunin ƙaramar wuta da ke ɗakin gwaje-gwaje. A haɗa naɗi ɗaya da batir, ɗayan da ma'aunin, a ajiye su dab da juna. Allurar za ta motsa a lokacin da aka haɗa waya ko aka cire, ta tsaya cik idan wuta tana gudana ba sauyi. A riƙa nesanta su santimita-santimita ana rubuta raguwar motsin. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙwayar shara ba ta karantuwa daga nesa.

Gwaji na biyu ya shafi rajista. Malami ya ba kwandon kowane aji lamba ta sirri, ya ɓoye takardar da ta nuna wace lamba ce ta wane aji. A auna kwandunan kowace rana har mako biyu, a rubuta lamba da nauyi kawai a allo. Sa'an nan ɗalibai su gwada gano ajin kowace lamba, ta yin la'akari da yawan 'yan aji da ranar da wani aji ya fita wasanni ko ya yi aikin zane. Yawan abin da suka canka daidai zai nuna musu cewa cire suna kaɗai ba ya isa ya ɓoye mutum.

Kammalawa

Ƙwayar shaida 'yar na'ura ce mai sauƙi, wadda ta ginu a kan ƙa'idar da Faraday ya gano kusan shekara ɗari biyu da suka wuce, kuma lamba ɗaya tak ta sani. Tana iya taimaka wa gari kamar Zariya ya san sharar da yake fitarwa, ya kuma kama ɗan kwangilar da ke karɓar kuɗi ba ya aiki. Haɗarinta yana cikin rajistar da ke ofis: wa ke riƙe da ita, me aka rubuta a ciki, har yaushe za a adana, kuma wa ake nuna wa. Ɗaliban da ke karanta wannan maƙala su ne injiniyoyi da lauyoyi da kansilolin da za su tsara irin wannan aiki nan gaba. Ya kamata su yi waɗannan tambayoyi tun ana zana shirin a takarda, domin bayanin da ya riga ya fita hannu ba ya dawowa, kuma rigakafi ya fi magani.